Mutumin da Ya Yi wa Hadari Tsaki

Maza ba su gama dawowa daga maƙabarta ba aka fara yayyafi. Muna zaune a tsakar gidan Kawu, mata cike da rumfa har bakin madafa, sai ga ɗigon farko ya faɗo a kan tabarma. Damina ta yi jinkiri a bana, gero ya fara nannaɗe ganye, an fita roƙon ruwa an sake fita. An yi hamdala da ruwan ya sauko, wannan ba zan hana wa mutane ba. Amma na ga abin da ya biyo bayan hamdalar. Wannan ta dubi waccan, waccan ta gyara mayafi ta ɗaga ido ta dubi soron zaure. Maƙwabciyar Kawu ta bayan gida, wadda ke zaune a gefena, ta sauke murya yadda za a ce ba ta so a ji, alhali so take a ji, ta ce, "Kun gani ko? Ko wuni bai yi ba cikin ƙasa."

Ba wanda ya kwaɓe ta. A zaure ma, yadda maigidana ya ba ni labari daga baya, irin addu'ar da aka riƙa yi ke nan, mai ƙaya a ciki: Allah Ya jiƙansa, abin da ya aikata kuma tsakaninsa da Ubangijinsa. Tsofaffin ɗalibansa da suka zo daga Sakkwato, duk da hanyar ba ta da daɗin bi yanzu, sai yabonsa suke yi, ba su san me ake nufi da waɗannan kallace-kallace ba. Matar Kawu kuwa ta ji komai, don kunnenta bai tsufa ba, ta ci gaba da jan carbinta.

Ni raina ya ɓaci, har yanzu ma bai gama sauka ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na so maganar ƙarshe da za ta rage a kan Kawu a garin nan ta zama ta wannan matar.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Isa, amma bai taɓa yarda ya tare can ba, kullum yana kan tsohon babur ɗinsa tsakanin can da garinmu, nan kan hanyar Sabon Birni. In za a faɗi halinsa a taƙaice, mutum ne da ba ya yarda. In ka kawo masa labari, kafin ka rufe baki ya tambaye ka wa ya gani, da me kuma ya gwada. Mai nono ta san sai ya karkata ƙwarya ya duba. Agogon hannunsa ma bai tsira ba, yakan fita ya gwada shi da inuwar katanga, in sun saɓa ya ce ɗayansu na ƙarya, sai ya gano wanne. Lokacin da aka zo neman aurena, sai da ya bi kasuwanni yana tambayar halin maigidana, har wurin mai gyaran keke inda saurayin ke zama, ya dawo ya ce wa mahaifiyata bai sami komai ba, kuma wannan rashin samun ya fi damunsa.

Abin da ya raba shi da sauran masu zargi shi ne bai keɓe kansa ba. Idonsa ma bai yarda da shi ba. Sau da yawa na ga ya kira matarsa daga madafa, hannunta duk kuka, don ta gaya masa wanne ya fi duhu cikin abu biyu, sannan ya sauya musu wuri a bayansa ya sake tambayarta. Ita kuwa takan ce wanda ya auri Kawu ya auri jarrabawa. Mahaifiyata ta sha faɗa cewa duk cikin 'ya'yanta ni na ɗauko wannan halin, kuma ba yabo take nufi ba.

Abin da ake riƙe da shi a kansa ya faru ne a shekarun farin nan, lokacin ina amarya mai goyon fari. Waɗanda suka gani ba sa bukatar a tuna musu. Rijiyoyi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Makiyaya suka gangaro daga Nijar da ragowar shanun da ba su faɗi a hanya ba. Maza suka watse cin rani, maigidana ma ya tafi Kudu ya bar ni da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Ruwan sha sai a bakin gulbi, inda gulbin kansa ya zama rairayi, a tona rami a zauna ana jiran abin da zai tsatso. Jakai a nan suke sha, awaki a nan, mu ma a nan.

Sai aka zo aka haƙa mana burtsatse. Ranar da aka fara buga famfon, har guɗa aka yi. Ruwa ya fito garau, mai sanyi. Kafin kowa ya tara tulu, Kawu ya kutsa ya cika wata 'yar kwalba, ya toshe bakinta, ya sa a aljihu ya tafi gida ba tare da ya ce wa kowa komai ba. Kowa ya gan shi. Washegari da safe mata suka buɗe randuna suka tarar ruwan jiya ya yi wata fata mai ƙyalli a sama, gindin randa kuma ya kwanta da wani jan laka. Farin zane in an wanke ya fito da tabo. Shayi ya koma baƙi ƙirin. In ka sha, sai ka ji kamar ka lashi wuƙa.

Gaskiyar abin ba ta da tsawo. Cikin masu haƙar burtsatsen akwai tsohon ɗalibin Kawu, shi ya roƙe shi ya riƙa auna musu yawan ƙarfen da ke cikin ruwan kowane rami, don su san inda bututu zai toshe da inda ruwa zai yi wa mutane wuyar sha. Ana kawo masa kwalabe a babur daga Unguwar Lalle, har daga Burkusuma. Yana da wani magani da yake ɗigawa, wanda in ya haɗu da ƙarfe a ruwa sai ruwan ya yi ja kamar tofin goro. Sai dai, yadda ya bayyana min daga baya, ƙarfen da ya sha iska ya zama tsatsa maganin ba ya kama shi, dole sai an maido shi halinsa na farko. Akwai wani garin magani da ake amfani da shi don haka, nasa ya ƙare, ya aika a kawo ba a kawo ba. Shi ne ya koma ga wata hanya da ya taɓa karantawa: a matsa lemon tsami a ruwan, a ajiye a rana. Hasken rana da tsamin su ke juya tsatsar, maganin ya kama ta, jan ya fito. Iyakar yawan ƙarfen, iyakar duhun jan. Yana da jerin kwalabe da ya haɗa da kansa, daga mai ɗan fatsi-fatsi har mai ja wur, waɗanda ya san yawan ƙarfen kowacce, sai ya ɗora sabuwar kusa da su ya ga wadda ta yi daidai.

Kuma da yake Kawu ne, kowane ruwa biyu yake raba shi. Rabi a rana bisa soron zaure, rabi ya kife shi da wani tsohon baƙin akushi. Na cikin duhun shi ne shaidarsa cewa rana ce ta yi aikin, ba dattin kwalba ba.

Amma ka tsaya daga ƙasa ka duba da idon mutanen garinmu. A nan in ana so a yi wa mutum sammu, ƙasar sawunsa ake ɗiba, ko gashinsa, ko ƙyallen rigarsa, a yi aiki a kan ɗan abin ya sami mai shi. Ga mutum ya ɗebi ruwan fari na famfo, ya hau soro da shi, an hango kwalbar ta yi ja a hannunsa, ruwan randuna ma ya yi ja. Me ya rage a tambaya? Aka ce Kawu ya ɗebi sawun rijiya. Akushin kuwa, aka ce a nan asirin yake, in ba haka ba me ya sa ba a taɓa ganinsa a buɗe ba? Ni kaina, da nake 'yar 'yar'uwarsa, in na wuce na ɗaga kai na ga kwalaben nan jere suna ƙyalli, gabana yakan faɗi.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya wuce. Sai ranar tsakin ta zo. An fita roƙon ruwa da hantsi, Kawu ma ya fita, rigarsa a juye kamar ta kowa. Da aka dawo ya hau soro ya jera kwalabensa. Can sai ga hadari ya taso daga gabas, baƙi, irin wanda aka daɗe ba a gani ba, ya rufe rana. Gari ya ɗauki kabbara, mata suna fito da tukwane. Shi kuwa Kawu aikinsa bai kai rabi ba, in rana ta ɓuya jan ba ya cika, awon ya ɓaci, ruwan kuma daga nesa aka kawo shi. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ja tsaki, ya ce, "Haba, ɗan dakata mana." Maƙwabciyarsa ta bayan gida, wannan dai da na ambata, tana amarya a lokacin, tana kwashe shanya a gindin katanga, ta ji shi sarai. Iska ta taso, hadarin ya watse ya yi arewa, ko ɗigo bai sauka ba. Kafin la'asar babu gidan da maganar ba ta shiga ba.

Daga ranar aka daina zuwa famfo. Mutumin da ya kori hadari, me zai hana shi ɓata rijiya? Aka koma ramukan gulbi. Yara suka riƙa jifar soron Kawu da hoge. A masallaci sai ya tarar da sarari a dama da hagunsa. Bai ba kowa haƙuri ba, bai kuma tara mutane ya yi bayani ba, ya ci gaba da hawa soro kamar ba da shi ake ba. Wannan taurin kan ya ƙara masa baƙin jini, kuma har gobe ina ganin ya yi kuskure a nan.

A cikin wannan hali aka yaye yaron nawa. Ɗan fari ne, saboda haka ba nawa ba ne a idon jama'a, na Inna ne. A ɗakinta yake kwana, ita ke ba shi abinci, ni ko sunansa ba na kira, in ya faɗi a gabana sai in kau da kai har wani ya ɗaga shi. Haka aka tarbiyyantar da mu, ban kuma taɓa jin nauyin abin ba sai da ya fara gudawa. Inna tana sonsa, wannan ba a musu. Ta jiƙa masa sabara, ta jiƙa masa saiwoyi iri-iri, duk da ruwan gulbi. Yaro ya riƙa zubewa. Idonsa ya faɗa, wuyansa ya kasa ɗaukar kansa, kukansa ya koma kamar na mage. Ni kuwa ina bakin madafa ina tsince tsakuwa a hatsin da babu tsakuwa a cikinsa, ina satar kallonsa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. A unguwarmu an riga an fita da ƙananan gawarwaki a tabarma.

Na rasa wanda zan yarda da shi. Gari duka ya ce ruwan famfo guba ne. Kawu na san zai ce ba haka ba, amma ai wanda ake zargi ba ya zama shaidar kansa. Sai na yi abin da jinina ya ba ni. Na sami kwalabe biyu, ɗaya na cika a famfo, ɗaya a ramin gulbi na tace da ƙyalle, na bar su suka kwana, na girgiza har suka yi kama da juna. Na ce wa Inna zan je gaida mahaifiyata, na zarce gidan Kawu. Na ce masa duka biyun na famfo ne, ina so in ga abin da yake yi da idona. Lissafina shi ne, in asiri yake yi wa duk abin da ya ɗauka na famfo ne, duka biyun za su yi ja.

Bai tambaye ni komai ba, abin da ya ba ni mamaki. Ya matsa lemo, ya ɗiga maganinsa, ya raba kowacce biyu, ya kife rabi da akushi, ya hau da rabi. Muka zauna a inuwar zaure, matarsa ta kawo min fura na kasa sha. Da ya sauko da su, ɗaya ta yi ja sosai, ɗaya kuwa da ƙyar za ka ce ta sauya. Ya ɗaga su ga haske, ya sauya musu hannu, ya sake dubawa.

Ya ce, "Ɗiyata, ɗaya cikin kwalaben ga ƙarya takai. Ko kuwa mai kawo su."

Na sunkuyar da kai na ce ta hagun, wadda ba ta yi ja ba, ta gulbi ce. Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, ya kira matarsa ya ce ta zo ta ga wadda ta gaje shi. Ya ce da na yarda da shi haka kawai don yana kawuna, da na ba shi kunya. Sannan ya ɗaga akushin a gabana. Kwalabe biyu ne a ƙarƙashi, ruwa a ciki, kusan yadda na kawo shi. Abin da garin ya shafe wata da watanni yana tsoro ke nan.

Da na gaya masa halin da yaron ke ciki, dariyar ta ɗauke. Ya ce shi ba likita ba ne, ƙarfe kawai yake aunawa, amma abin da ya sani ƙarfen famfonmu muni gare shi, ba ya kisa. Na gulbi da bai yi ja ba shi ne abin tsoro, don abin da ke cikinsa kwalbarsa ba ta nuna shi. Ya ce in zuba na famfo a faffaɗan kwano a sarari, in kaɗa shi da ludayi ya sha iska, in bar shi ya kwanta, in tsiyaye na sama. Ya koya min haɗin gishiri da sukari yadda ake yi a asibiti, ya ƙulle min sukarin gidansa a ƙyalle. Ya ce in Inna ta yarda zai ɗauki yaron a babur zuwa Isa. Na ce ba za ta yarda ba. Ya ce ya sani.

Rumbunmu babu komai a ciki a shekarar, a nan na ɓoye kwanon. In Inna ta zaga ko ta tayar da salla, sai in ɗura wa yaron 'yan cokula in goge masa baki. Ban daɗe ina yi ba ta kama ni, don ita ma ba a barci take ba. Ta leƙa rumbu ta ga jan lakan a gindin kwano. Ta fito da shi tsakar gida, a gaban matan da suka zo dubiya, ta kifar a ƙasa.

Ta ce, "Kawunki ya ɗaure sama, ke kuma kin zo ki kashe min jika."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Inna, ɗana na. Ni na haife shi, kuma mutuwa shikai."

Ba ruwan ne ya girgiza matan ba, kalmar ce. Wata ta rufe baki da mayafi. A garin nan an daɗe ana ba da labarin amaryar da ta ce ɗana a gaban uwar miji, wasu har yanzu da shi suke tuna ni. Na shiga ɗaki na yi kuka, rabi na kunya, rabi na baƙin cikin ruwan da ƙasa ta shanye.

Ban aika wa Kawu ba, amma magana a garinmu ba ta bukatar ɗan aike. Da hantsi washegari sai ga sallamarsa a zaure. Mutumin da bai taɓa taka gidan surukai ba tun ranar ɗaurin aure. Inna ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a nesa, ta gaishe shi gaisuwar da ba ta da gishiri. Bai zo da kwalba ko ɗaya ba, sai ɗan maganin ɗigawarsa. Ya ce ba zai sha ruwan famfo a gabanta ba, don za a ce mai asiri asirinsa ba ya cinsa. Ya ce ta kawo kwalabenta, da ruwanta na gulbi, ta aika a sayo lemo inda ta ga dama, ta kuma nemo wani ƙarfe mai tsatsa wanda ta san asalinsa. Shi ba zai taɓa komai ba. Ya mai da hannuwansa baya ya harɗe.

Inna ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar hauyar marigayi mijinta. Ta kankare tsatsar da wuƙa ta zuba a kwalba ɗaya, ɗayar ta bar ta haka, ta matsa lemo, ta ɗiga maganin da hannunta tana bisimilla, ta kai su tsakiyar rana. Har ta zauna sai ta sake miƙewa. Ta ɗauko wata kwalbar, ta haɗa ta da tsatsa kamar ta farko, ta kife ta da ƙwaryarta, ta ɗora ƙafa a kai. Ba wanda ya ce ta yi. So take ta ga abin da yake ɓoyewa a ƙarƙashin akushi. Na ga Kawu ya cije leɓe don kada ya yi murmushi.

Aka zauna. Ita tana kallon kwalabe, tana kallon hannuwansa, tana kuma ɗaga kai tana duba sama ko da wani abu. Yaron yana kwance a cinyarta. Wajen azahar kwalbar tsatsa ta yi ja, irin jan da ake hangowa a soron Kawu. Wadda ba tsatsa tana nan yadda take. Ta ɗaga ƙwarya, ta ƙarƙashin ma da sauranta. Ta jera su uku a gabanta.

Can ta ce, "Kai dai ban yarda da kai ba, Malam. Amma hauyag ga na san ta."

Ya ce hakan ma ya isa.

Ta ce, "To tsakin hwa?"

Ya ce, "Na yi shi, Inna, wauta ta. Amma da tsakina ka koran hadari, da shiruna ya maido shi, don tun rannan ban sake ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta sallame shi ba tare da ta ba shi ko ruwa ba. Da la'asar ta aike ni famfo, ba ta dube ni ba ta ce in cika tulu. Ita ta zuba a kwano, ita ta kaɗa, ita ta tsiyaye, ta ce kada in sa hannu. Bayan kwana kaɗan ta goya yaron ta hau bayan motar kasuwa zuwa asibitin Isa, don ta ce ba za ta hau babur ɗin mutumin nan ba. Yaron ya daɗe bai miƙe ba, amma ya miƙe.

Maƙwabta da suka ga kwano a tsakar gidanmu suka tambaya. Inna ta ce shanyar ruwa ce, haka kakarta ke yi a da. Ba ta ambaci Kawu ba. Daga gidanmu abin ya bazu, mata suka koma famfo da kaɗan-kaɗan, har ya zama kowane gida da kwanon shanyarsa. Yau in ka tambayi yarinya a garin nan za ta ce maka dabarar mutanen da ce. Na taɓa yi wa Kawu ƙorafi a kan haka, na ce ya bari a san gaskiya. Ya ce in sun sha ruwan, su ba kakar Inna ladan, shi bai ga asarar da ya yi ba. Amma na san abin ya ci masa rai, don har ya tsufa bai sake zama a dandali ba, kuma duk lokacin da hadari ya haɗu sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, wai kada fuskarsa ta yi wani abin da za a fassara.

Ruwan ya yi ƙarfi ranar jana'izar, muka matsa cikin rumfa. Maza suka shigo a jiƙe. A cikinsu akwai wanda ya sauka cikin kabarin ya karɓi gawar Kawu, gwiwoyinsa duk jan laka, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya tsaya daga nesa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, na amsa ina kallon gefe kamar yadda na saba. Maƙwabciyar ta ce a ba ta ruwa, maƙogwaronta ya bushe. Na tashi na ɗebo mata daga kwanon shanyar matar Kawu, na miƙa mata moɗa, na tsaya a kanta.

Na ce, "Kin ga wancan mai laka ga gwiwa? Ɗana na. Da an bi taku, shi anka fara kaiwa can, tun bai iya tahiya ba."

Karo na biyu ke nan a rayuwata da na faɗi kalmar a bainar jama'a, kuma wannan karon ban ji kunya ba. Ta dubi moɗar, ta dube shi, ta shanye. Matar Kawu ta ajiye carbi ta shiga zaure, ta fito da baƙin akushin, ta tara shi a ƙarƙashin indararo, bakinsa a sama, kowa na gani har ya cika.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa tsakin nan da mutane suka ƙi yafe masa, Ya sa kabarinsa ya fi soron nan haske.